Batirin Aro

Baba Ishaya ya bar min ita
ranar da ya kwashe kayansa zuwa ƙetaren gada.
Ya ce, "Ba ta son jijjigar akori-kura, Tanimu.
Riƙe min, zan dawo."
Bana shekara ashirin da biyu.

Mitar awon wuta ce, nauyinta ya kai dutsen niƙa,
lambar masaƙar Kakuri na manne a haƙarƙarinta,
masaƙar da yau gizo-gizo kaɗai ke saƙa a ciki.
Duk rediyon da ya shigo shagon nan na Tudun Wada
ita ke fara sauraron ciwonsa.
Ba ta taɓa yi min ƙarya ba.

A cikinta akwai batir, bai kai goro ba.
Ba shi ke kunna ta ba.
Aikinsa guda: ya kwana a farke
yana riƙe mata saitin da Baba ya yi
da tabaransa, da haƙurin mako guda.
In ya mutu, ta manta.
Za ta ci gaba da nuna jajayen lambobi masu kyau
kamar mai shaidar zur da ya ci ado.

Jiya na auna shi. Bolt uku ya kamata,
na samu biyu da 'yan kai,
ga farin gishiri ya fara tsatsowa a ƙafarsa.

Na zaga Panteka, aka yi min dariya:
"Wannan ai tun zamanin kwabo mai huji!"
Sai wani yaro ya zaro min irinsa
daga gindin gwangwanin madara.

Bayan la'asar na ja ƙofa.
Na roƙi Cindo mai walda ya ɗan ajiye guduma.
Nazifi ya riƙe tocila, hannunsa na rawa,
na ce, "Haɗa da numfashinka ka riƙe."

Dokar Baba: ba a cire tsoho
sai an rataya na aro.
Waya ja, waya baƙa, na maƙala a gefe,
na aro ya karɓi kayan a hankali
yadda ake sauke wa mutum tulu ba a zubar ba.

Na ɗora ƙarfen dalma, ƙamshin ƙaro ya tashi.
Ƙafa ɗaya ta saki.
Nan NEPA ta ɗauke.

Fanka ta yi tsit. Ƙarfe na hucewa a hannuna,
tsoho na reto da ƙafa guda,
duk abin da ta sani a duniya
na rataye a wayoyi biyu na naira ɗari.
Na cusa tocila a baki,
na damƙa wa Nazifi ƙusa a bakin filaya,
na nuna masa murhun Gambo mai shayi.
Sau huɗu yana kai da komo da jar ƙusa
kafin sabon ya tsaya da ƙafafunsa.

Wuta ba ta dawo ba sai bayan isha'i.
Na warware 'yar resistar da Baba ya naɗe a takardar sigari,
ya rubuta da biro: dubu goma cif.
Na ɗora. Lambobi suka yi rawa, suka natsu.
Dubu goma da ɗaya.
Ɗayan nan, tun yana nan take ƙara shi.

Na kira Narayi. 'Yarsa Rifkatu ta ɗauka,
ta ce, "Yau ko ni bai gane ba, amma gwada."
Na ce, "Baba, Tanimu ne. Na canza wa mitarka batir."
Shiru, sai surutun talabijin can ciki.
Ya ce, "Wane Tanimu?"
Na fara kwatance, ya katse ni:
"Ka sa na aro tukuna?"
Na ce na sa.
Ya ce, "To."

Tsohon na nan a aljihun rigata.
Na kasa jefarwa.
Har yanzu da biyu da 'yan kai a jikinsa.